Garin da Hannu ke Magana: Daga Yelwan Yauri zuwa Adamorobe

Hanyar Gwanja ba baƙuwa ba ce ga mutanen Yauri. Tun kafin a san mota, ayarin fatake daga Kano da Katsina kan ratso ƙasarmu da jakuna, su ƙetare Kuwara, su nausa yamma neman goro. Ni kuwa albasa ce ta kai ni. Yayana fataucinta yake yi, yana saye a hannun Gungawa masu noman rani a bakin ruwa, ya haɗa da ta Aliero, ya loda tirela zuwa Gana. Da aka yi hutun makaranta sai ya ce, "Malam, zo ka raka ni ka riƙe mini littafin lissafi." Tirela ta riga mu tashi, mu kuma muka bi motar haya ta Kwantagora da Ilori da Badun har Ikko, muka ƙetare iyakar Seme, muka wuce Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflawo.

Kasuwar albasar Akra a da tana Agbogbloshie ne, a tsakiyar gari, sai a 2021 hukuma ta tayar da ita zuwa Ajen Kotoku, can bayan gari. In ka rufe ido a wannan kasuwa sai ka rantse kana Yelwa ranar cin kasuwa: Hausa ta ko'ina, Zabarmanci ta ko'ina, ga warin albasa har cikin maƙogwaro. A nan na fara ganin abin da ya ɗauke mini hankali daga littafin Yaya.

Cikin masu sauke mana kaya akwai samari kurame. Ɗaya yana can saman tirela, ɗaya yana ƙasa wajen rumfa, tsakaninsu tazarar da in mai ji ne sai ya yi ta ƙwala kira har muryarsa ta dishe, don injuna na ruri, dillalai na hayaniya. Su kuwa ko a jikinsu. Na saman ya ɗaga hannu, yatsu suka yi wani wal-wal, na ƙasa ya girgiza kai ya mayar masa da nasa, sai ga shi ya zo ya nuna mini a littafi cewa na tsallake buhu biyu a layin da ya wuce. Aka sake ƙirgawa, maganarsa ta tabbata. Yaya ya dube ni ya ce, "Ka ga wannan yaron? In yana wurin ban taɓa asarar buhu ba."

A gida ina ganin kaina na iya magana da bebaye. Duk wanda ya tashi a bakin tashar jiragen ruwa ta Yelwa ya san 'yan alamun da ake yi da su: ci, kuɗi, gobe, mace, namiji, lafiya lau. Na gwada su a kansa, ya yi murmushi, ya gane wasu. Amma da ya juya wajen abokansa suka shiga hira, wallahi ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Hannuwa na gudu, gira na hawa da sauka, kumatu na kumbura, wani lokaci yatsun hannu ɗaya kawai ke harhaɗa wani abu a gaban kafaɗa, wanda daga baya na gane haruffan boko ne ake jerawa. Suka tuntsire da dariya gaba ɗaya, ni kaɗai ne a wurin ban san abin dariyar ba. Ya lura da ni, ya karɓi wayata ya rubuta da Turanci cewa wannan harshen makaranta ne, kuma in ina son kallo in zo Nima ranar Juma'a. Kafin mu rabu har ya raɗa mini suna: yatsa biyu a saman kunnen dama, saboda birona da ke maƙale a nan kullum. Duk inda muka shiga bayan haka da wannan alama ake gabatar da ni.

Nima unguwar zango ce, Hausa ce harshen titi, ga kokon safe da ƙosai kamar a gida, sai dai nasu kokon ya fi namu yaji. Mun yi sallah a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai ƙubbobi bisa ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi, irin ginin da ban taɓa gani da idona ba sai a hoto. Bayan an sallame, abokina ya ja ni gindin wata inuwa inda kurame suka yi da'ira. Da'ira suke yi ko da yaushe, don kowa ya ga hannun kowa, kuma ba a ratsa tsakiyar masu hira ana sunkuye-sunkuye, wucewa ake yi da sauri. Wani saurayi mai ji, wanda iyayensa duka kurame ne, ya tsaya yana maimaita musu abin da liman ya faɗa a huɗuba. Na ga dattijo yana gyaɗa kai, na ga wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya, aka ba shi amsa, aka ɗan yi gardama. Shekara nawa ina sallar Juma'a kusa da kurame a garinmu, ban taɓa ganin an juyo an gaya musu abin da aka ce ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin mutanen da ke cikin da'irar. Abokina ya riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa: wannan Badagombe ne daga Tamale, tela, wannan Bafillace, wannan iyayensa Zabarmawa ne, wancan Ga ne, ɗan asalin Akra, Kirista ne ma, hira kawai ta kawo shi. Akwai kuma wani Bayarabe da ya zo daga Badun bai daɗe ba, amma yana ta zuba da su kamar tare suka tashi. Ni kuwa da direban motar da ta kawo mu, Ba'asante, mun yi ta fama kan kuɗin mota ba mu fahimci juna ba, ga mu da kunnuwa da harsuna lafiyayyu. Na rubuta wa abokina tambaya: yaya aka yi kurman Badun ke jin maganar kurman Akra? Ya amsa da suna guda, Foster, sannan ya nuna arewa, wajen duwatsu.

Hanyar Aburi da muka bi zuwa can hawa ce mai lanƙwashe-lanƙwashe. Kana cikin zafin Akra, kafin ka ankara iska ta yi sanyi, gari ya koma can ƙasa, teku na ƙyalli a bayansa. Mu mutanen kwari ne, in ban da duwatsun ƙasar Zuru ban san hawa irin wannan ba, kuma ko Zuru ba ta da wannan duhuwar itatuwa. Gaba da Aburi kaɗan sai Mampong ta Akuwapem, garin da Tetteh Quarshie ya dasa koko a 1879, wanda daga gonarsa noman koko ya bazu a ƙasar. A wannan gari ne makarantun kurame suke, ta firamare da ta sakandare, kuma daga kowane lungu na Gana ake kawo yara.

Mun isa ana tashi tara. Fili cike da ɗalibai, amma ba irin hayaniyar da na saba da ita a makarantarmu ba: takun ƙafa, tafi, dariya, sai hannuwa ɗaruruwa a sama. Wata yarinya a barandar bene tana ba ƙawarta labari a can ƙarshen fili. A aji kuwa, in malami na son a dube shi, sai ya kashe fitila ya kunna, ko ya buga ƙafa a daɓe. In ɗalibi ya yi abin yabo ba a tafa masa, hannuwa ake ɗagawa sama ana kaɗawa, aji duka ya ɗauka. Na ga ana darasin lissafi, na ga masu aikin kafinta da masu ɗinki. Na tsaya a bakin taga na kasa tafiya.

Wani malami mai ji ya zaunar da ni ya ba ni tarihin. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a jihar Alabama a 1925. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi ya tafi da jinsa. Da na ji sunan cutar sai gabana ya faɗi, don mu ne muka san sanƙarau: annobar 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a arewa, kuma da yawa cikin waɗanda suka tashi ba su sake ji ba. A zamanin Foster, kudancin Amurka na raba makarantun kurame biyu, ta farare daban, ta baƙaƙe daban, shi kuma ta baƙaƙe ya yi. Wannan rabuwa ta daɗe har kuramen baƙar fata suka samu nasu salon maganar hannu, mai faɗin motsi da yawan amfani da hannu biyu, wanda Carolyn McCaskill da abokan aikinta suka rubuta littafi a kansa a 2011. Wato wariya ta bi mutum har cikin tafin hannunsa. Duk da haka Foster ya kutsa, a 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washinton. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, ya sauka Akra ya fara koyarwa a ajin aro a unguwar Osu, daga baya makarantar ta dawo nan Mampong. A 1960 ya buɗe ta Badun. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin Disamba 1987, ya kafa makarantun kurame fiye da 30 a ƙasashe 13 na Afirka. Ɗan mishan ne, bai kuma ɓoye ba. Ni Musulmi ne, amma mutumin da ya bar ƙasarsa ya zo ya ba dubban 'ya'yanmu karatu a lokacin da hukumomi ke cewa babu abin da za a iya yi musu, dole in yaba masa. Harshen da ya zo da shi daga Amurka shi ne tushen na makarantun Gana da na Nijeriya, shi ya sa Bayaraben nan bai sha wahala a Kanda ba.

Na ɗauka na gama ganin abin gani. Sai abokina ya rubuta cewa akwai wani ƙauye a gindin waɗannan duwatsu da shi kansa in ya je baƙo ne, ba ya jin maganarsu.

Adamorobe tana cikin wani kwari da tuddai suka kewaye, kimanin kilomita 40 daga Akra. Mun shiga ta wajen Oyibi, riƙe da tsarabar burodi da sabulu. Da farko ban ga wani abin daban ba: gidajen bulo da na ƙasa, rufin kwano, awaki, gonakin masara da rogo suna hawa jikin tudu, mata na dakan sakwara. Sai wata mai sayar da kifi a bakin hanya, tana cikin magana da maƙwabciyarta da harshen Tuwi, ta hango wata tsohuwa tafe da itace a ka. Nan take ta saki maganar baki ta koma ta hannu, suka gaisa, suka yi ciniki, har da 'yar tsiya irin ta sabo, sannan ta juyo ta ci gaba da Tuwinta daga inda ta tsaya. Na saki baki. Ban ga ta ɗaga murya ba, ban ga ta yi fuskar tausayi ba, ban ga yara sun taru kallo ba. Haka muke yi a Yauri in Bakambare ya shigo ana Hausa, wanda ya iya Kambarci ya juya masa harshe, a gama a dawo.

Mutanen garin sun ce tun kafuwarsa akwai kurame a cikinsa, abin da ya kai shekara 200. Kurumtar gado ce. Wani bincike da aka buga a 1998 ya gano sauyi a ƙwayar halittar da likitoci ke kira konneksin 26, wanda sai yaro ya gado shi ta wajen uwa da uba duka biyu yake fitowa kurma. Da yake kusan kowace zuriya tana da kurma a cikinta, kawu ko goggo ko kaka, sai maganar hannu ta zama kayan gida, masu ji na tashi da ita. Ba kowa ne gwani ba, baƙin da suka sayi filaye suka zauna kuwa ba su iya ba, amma cikin 'yan asalin gari abin ya zama jiki. Annelies Kusters, 'yar Beljiyam wadda ita ma kurma ce, ta zauna da su ta ƙirga kurame 41 cikin mutum wajen 3,500, ta kuma fitar da littafi a kansu a 2015. Kafin ita, Victoria Nyst ta ƙasar Holan ta rubuta nahawun harshen a 2007.

An kai mu gidan wani dattijo kurma, manomi, tafin hannunsa duk kanta. Bisa al'adar Akan, aka gaisa daga dama zuwa hagu, aka ba mu ruwa, sannan ya tambayi abin da ke tafe da mu. A nan aka sha kallo. Dattijo ya yi magana da hannun Adamorobe, wata budurwa 'yar gidan da ta yi makarantar Mampong ta juya zuwa hannun makaranta, abokina ya rubuta mini a waya, ni kuma in rubuta amsa ta koma ta wannan doguwar hanya. Ko ni da ban iya ko ɗaya ba na ga bambancin harsunan biyu. Na makaranta a tsuke yake, a gaban ƙirji, da yawan haruffa. Na dattijo kuwa jiki duka ne: hannu na kaiwa har bayan kai da cinya, wasu alamun da ƙafa ake yin su, leɓɓa na motsi da guntayen kalmomin Tuwi, babu harafi ko ɗaya.

Ya tambaya me muke ci a ƙasarmu. Na gaji da jiran waya, sai na miƙe. Na tuƙa jirgi da filafili, na wurga birgi, na jawo. Sannan na yi abin da kowane masunci cikin Sarkawa ke yi in yana ba da labarin kamu: na miƙa hannun hagu, na sa na dama na yanke daidai gwiwar hannu, ga tsawon tarwaɗa. Dattijo ya zabura, ya kama hannuna yana nuna wa mutanen gida, yana ta maimaitawa. Budurwar ta bayyana cewa haka su ma suke awo: ba sa buɗe hannu biyu a iska kamar 'yan makaranta, a jikin yatsa ko dantse suke yanke girman abu, ko ayaba ce ko doya. Sai na ƙara masa da giwan ruwa irin na tafkin Kainji, na tsaya ƙyam na yanke a ƙirjina, na nuna mutum biyu na ɗauka. Ya rufe baki da tafin hannu, ya girgiza kai, ya kira matarsa ta zo ta gani. Daga nan muka ajiye waya. Na nuna masa yadda ruwa ya ci tsibiranmu lokacin da aka datse Kuwara a 1968, aka kwashe mutane zuwa tudu. Ya yi shiru da hannunsa, sannan ya nuna gonakin da ke jikin tudu, ya nuna kuɗi, ya nuna gini: su ma Akra na matsowa, filayen noma na tafiya.

Ba duka labarin garin ne mai daɗi ba. A 1975 sarkin garin na lokacin ya kafa doka cewa kurma ba zai auri kurma ba, don a rage haihuwar kurame. Da maganar ta zo, fuskar wata tsohuwa da ke gefe ta canja, ta yi alamar aure, ta yanke ta da hannu, ta juya kai. Ba sai an fassara mini ba. Kasonsu cikin mutanen garin ya ragu, gaskiya ne, amma an samu mutanen da suka tsufa ba tare da wanda ransu ke so ba, a garin da ya fi kowane gari da na sani girmama su. Ina ganin ba a yi musu adalci ba. Yanzu galibin masu harshen manya ne, yaran kuma in sun dawo daga Mampong da hannun makaranta suke hira tsakaninsu. Wannan na san shi sarai. Kakata ta wajen uwa Gunganci take yi, mahaifiyata tana ji tana mayarwa da Hausa, ni kuwa gaisuwa kawai na riƙe.

A hanyar komawa na yi ta tunanin namu. Ƙasar Hausa tana da nata harshen na hannu, wanda ba wata makaranta da ta koyar da shi, manyan kurame ne ke miƙa wa ƙanana a kasuwa da majalisa. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai, kuma Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna da kuramen birnin ta fitar da littafi mai suna Maganar Hannu a 2000. Makarantar Tudun Maliki da aka buɗe a 1977 ta kawo musu na boko, yanzu suna riƙe da biyu. To mu a Yauri, da Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Dukawa da Sarkawa duk a wuri ɗaya, me hannun kuramenmu ke cewa? Na san wani masunci kurma a wajen Wara da ke da alama daban ga kowane irin kifi, ƙarfasa da ragon ruwa da kurungu, har da alamar iskar da ke kifar da jirgi. 'Ya'yansa da abokan sunsa duk suna jin sa.

Ina roƙon malamai da ɗaliban kwalejinmu ta Yelwa, da fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, a bi tungayen bakin ruwa daga Shanga zuwa Ngaski a nemo irin waɗannan dattawa, a ɗauki maganarsu a bidiyo tun suna raye, kuramen da suka yi karatu su ja ragamar aikin. Limamanmu kuma su samu wanda zai tsaya bayan sallar Juma'a ya mayar da huɗuba da hannu, kamar yadda na gani a Kanda. Wanda Allah ya kai shi Akra, ya hau motar Dodowa daga Madina ya sauka Oyibi, daga nan Adamorobe ba nisa.